Mu Yi Adashin Karatu

Akwai littafin da ya shekara uku a kan kantata har ƙura ta yi masa riga: Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. A Yamai na saye shi ina ɗalibi, na karanta shafi ashirin, na ajiye. Amma in gardama ta tashi a fada, ni ne kan gaba wajen kiran sunan Sarauniya. Ran nan wani ƙanena ya ce, "Yaya, wai yaya littafin nan ya ƙare?" Sai na duƙufa zuba shayi kamar ban ji ba. Lugu fa, inda ta ja daga da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, cikin jiharmu ta Dosso take, wajen Dogon Dutsi. Wallahi na ji kunya.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Kowa ka taɓa sai ya ce ba lokaci. To, a 2023 da aka rufe gadar Gaya da Malanville, manyan motoci suka tsaya, da yawanmu muka wuni zaune a inuwa. Lokaci har ya yi mana yawa. Littafi nawa muka sauke? Waya ce ta cinye shi. Ashe ba lokaci muka rasa ba, mai tambaya muka rasa.

Iyayenmu sun daɗe da gane wannan. A makarantar allo ba ka wanke allonka sai ka biya wa malam ya ji. A adashi kuwa, ranar zubi uwar adashi na nan tafe, ko kin shirya ko ba ki shirya ba. Alkawarin da ka yi wa kanka cikin ɗaki, kai ne mai bashi, kai ne alƙali, kullum sai ka yafe. Wanda ka yi gaban mutane shi ne mai haƙora.

Shi ya sa nake cewa mu yi adashin karatu. Mutum biyar, littafi ɗaya, shafi talatin a mako. Ranar Juma'a bayan la'asar kowa ya zo da zubinsa: ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa, da Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci, ya kuma kawo abu ɗaya da bai yarda da marubucin ba. Wanda bai karanta ba ya faɗa a fili, sukari da ganyen shayi na wuyansa. In littafin ɗaya ne tak, ya riƙa kwana gida gida.

Abin karantawa kuwa ba a rasa ba. Ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin uwa da ta ratsa hamada neman ɗanta a zamanin cinikin bayi. Karanta shi ka tuna ƴan'uwanmu da ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya yau. Ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, inda aku ya warware makircin waziri da baki kawai. Mai son sanin yadda ake cin amana a gindin mulki, ga makaranta. Tun 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Mu nawa ne muka taɓa kai littafin Hausa ɗaya ƙarshe?

Wani zai ce wannan riya ce, nuna kai ne. Eh, akwai mai ɗaukar hoton bangon littafi ya watsa, ko ya kwaso taƙaitawa daga intanet. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Tambaya biyu daga abokin da ya karanta da gaske ta isa ta tona shi.

Kuma mu duba kanmu. Kullum muna cewa shugabanni su zo su yi bayanin alkawuran da suka ɗauka, kuma haƙƙinmu ne. To wanda shafi talatin ya gagare shi cikawa, da wane ido zai bi diddigin kasafin kuɗin gari mai shafi ɗari?

Ni dai na kaɗe ƙurar nawa. Nan da Juma'a huɗu zan sauke Sarraounia. Duk wanda ya gan ni, a tasha ko a bakin kogi, ya tare ni ya ce, "Ina zubinka?" In na yi shiru, shayi na kaina.

Kai fa, wane littafi ke binka bashi?