Faifan Kaba Ko Kwanon Roba?

'Yan'uwa, in kun shiga kasuwar Ƙanƙara ko ta Sheme, ku ratsa wajen masu saƙa. Ga faifai, ga tabarmar kaba, ga igiya. Cikin masu tallar akwai matan da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, Kirista da Musulmi, kaba ce abincinsu yanzu. Abin kunya, mukan taya faifan da ya ci wa mace kwanaki kamar tsintarsa ta yi, sa'an nan mu biya kuɗin roba ba musu.

Muna roƙon dattawan ikilisiya: in za a sake tabarmin makarantar Lahadi ko faifan karɓar baiko, a aiki Zumuntar Mata su sayo a hannun matan nan.