Tsohon Keke: A Gyara a Hau, ko a Miƙa wa 'Yan Gwangwan?

Masu iya magana kan ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Dutsin-Ma ko Kurfi tsakanin 1960 da 1985, da wuya a ambaci keke bai yi murmushi ba. Galibin yaran wancan zamani a keken haya suka koyi tuƙi. Yaro yakan tara 'yan kwabbansa ya kai wa mai haya, a ba shi keken da ya fi ƙarfinsa, ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi, sai ya zura ta ta ƙarƙashin sanda, ya karkace yana tuƙi, abokansa na biye da shi a guje. Tabon gwiwa da na gwiwar hannu su ne shaidar kammala wannan karatu.

A wancan lokaci keke dokin ƙarfe ne, kuma ado da kulawar doki ake yi masa. Malamin makaranta da malamin gona da duba-gari da masinjan hakimi duk da shi ake gane su. Akan naɗe sandunansa da leda mai launi, a ɗaura masa madubi da ƙararrawa da fitila, a goge shi da tsumma kowace safiya kafin a fita. A zamanin En'e har lasin ake yankar masa. Sarkin kekuna shi ne Raleigh, wanda asalinsa daga birnin Nottingham na Ingila yake, daga baya aka riƙa harhaɗa shi a Kano. Akwai kuma Hercules, sai Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, suka kuma zama jakin manomi da ɗan koli da mai kai itace kasuwa.

Martabar keke ta fara dusashewa ne bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da ma'aikata suka koma wa Honda da Suzuki da Vespa. Baburan Jincheng masu araha da suka cika kasuwa a farkon shekarun 2000, da Bajaj da ya biyo baya, su suka ƙarasa shi. Har sunan ma an karɓe masa: tun bayan ɓullar keken Napep a 2001, idan yaron birni ya ce zai hau keke, sau da yawa mai ƙafa uku yake nufi. Tsofaffin kekunan kuwa suna nan jingine a zaure da bayan rumbu, tayoyi sun bushe, sarƙa ta yi tsatsa, suna jiran ranar da ɗan gwangwan zai ɗora su a sikeli ya biya kuɗin nauyin ƙarfe.

Wannan ciniki asara ce, domin mafi yawan waɗannan kekuna ba mutuwa suka yi ba. An ƙera su ne a zamanin da ake yin kaya don a gyara su idan sun lalace. Gangar jikinsu ƙarfe ne mai karɓar walda, ba su da giya, birkinsu na sanda ne, babu wayar da za ta tsinke. Ƙwararren mai gyara yakan kwance keken gaba ɗaya, ya jiƙa sarƙa da firwil a kananzir, ya sauya boris ya cika da giris, ya sa sabuwar taya da roban birki. Inda ake gane gwani shi ne wajen miƙar da gargaren da ya karkace: yana juya ƙafar keken a hankali, yana ɗaure wannan waya yana sassauta waccan, har ta daina layi. Aiki ne na ido da haƙuri, ba a koyon sa a wata guda. Kekunan gwanjo masu giya da matasa ke sha'awa a yau sun fi sauƙin nauyi da gudu, babu musu, sai dai idan giyar ta lalace a ƙauye, samun kayanta kan zama tafiya Katsina ko Kano.

A Turai gyaran tsohon keke ya zama abin sha'awa mai zaman kansa, musamman ga dattawan da ke neman irin keken da suka hau suna yara. Kamfanin Raleigh ya daina ƙera kekuna a Nottingham a 2002, sai tsofaffin da aka yi a can suka ƙara daraja wurin masu tara su. A yankin Tuskani na ƙasar Italiya akwai gangamin shekara-shekara mai suna L'Eroica, wanda aka fara a 1997, inda ake hawa kekunan tsere irin na da a kan hanyoyin burji. Wannan nishaɗi ne na wanda ya ƙoshi, mai mota a ajiye a gida. Mutumin Kurfi yana da dalilin da ya fi wannan ƙarfi.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a 2024. Tun kafin nan, a 2021, gwamnatin Jihar Katsina ta taƙaita sayar da mai a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, mai babur ya ɗanɗana yadda abin hawansa ke zama kaya idan babu mai. Malamin firamare da aka tura makarantar da ke da nisan kilomita biyar ko shida daga gidansa yana tsakanin abu biyu: ya ƙarar da albashi a kuɗin acaba, ko ya riƙa fashin zuwa aiki. Kowanne ya zaɓa, akwai mai cutuwa, ko iyalinsa ko yaran ajinsa. Haka ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke fita koyarwar gwaji, wanda shi ko albashin ma ba shi da shi. Keken da mahaifinsa ya jingine shekara 20 da suka wuce zai iya kai shi makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma ba ya shan komai sai iska da ɗan giris.

Babban abin da ke hana hakan shi ne gudun raini. An riga an ɗauka cewa mai ilimi a kan keke alama ce ta karayar arziki. Lokacin da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kiran a koma wa keke a 2001, dariya aka yi masa, dariyar ta ƙaru da wata motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja. Alhali Mark Rutte, wanda ya yi Firayim Ministan Holan daga 2010 zuwa 2024, an san shi da zuwa ofis a kan keke, ba a kuma ji girmansa ya zube ba. Malamin da ke jin kunyar yara su gan shi a kan keke, ya kamata ya fi jin kunyar su gan shi yana shigowa bayan an ci rabin darasi.

Duk da haka, ba kowace tafiya ce ta keke ba. Akwai hanyoyin ƙauyuka a wannan yanki da matsalar 'yan bindiga ta sa mai mota ma sai ya yi tunani kafin ya bi, balle mai tafiya a hankali shi kaɗai. Babbar hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma ba a ware wa mai keke wuri a kanta ba, direbobi kuma ba su cika raga masa ba. Ga zafin bazara, ga yashi. Sannan al'ada ba ta sakar wa malamai mata wannan hanya ba. Amfanin keke yana cikin gari ne da ƙauyukan kusa, inda kuwa mafi yawan zirga-zirgar yau da kullum take.

Abin da ya fi gaggawa shi ne masu gyaran kansu. Yawancinsu sun manyanta, yaran da a da za su zauna gabansu sun koma gyaran babur da wayar hannu, inda kuɗi ya fi shigowa. Keke yakan yi shekaru a jingine ya tashi, amma sana'a idan masu ita suka ƙare ba ta tashi da sauƙi. Makarantun koyon sana'a na iya ɗaukar irin waɗannan dattawa su koyar, ko da kwana ɗaya ne a mako. Ɗalibin Hausa ma yana da rabonsa a nan. Kalmomi irin su feda da kariya da bawul da faci da sholisho duk aro ne daga Ingilishi, waɗanda bakin Bahaushe ya sarrafa har suka zama nasa, yayin da sirdi da goyo aka ɗauko su daga doki da uwa aka ɗora wa ƙarfe. Wanda ke neman batun kundin kammala karatu zai samu cikakke a rumfar mai gyaran keke a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Charanci, in ya je da littafi da biro tun masu sanin sunayen suna raye.