Ɗalibi da kuntigi

A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, yaro kan koye shi a gindin ubansa. Ɗalibin da ya taso daga Gidan Sori zuwa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi yanzu yana iya koyonsa shi kaɗai, wayar salula ce malamarsa. Kuntigi ya fi dacewa da shi: gwangwanin kifi, fata, sanda da tsirkiya ɗaya, irin wanda Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi. Sai ya kunna waƙa a wayar, ya tsayar, ya maimaita, har yatsu su saba. Koyo na rabin sa'a bayan la'asar ba ya tauye karatu. Babban cikas shi ne gorin "maroƙi" daga dangi, kuma gorin bai dace ba.