A Karanta Ayar Har Ƙarshenta

Akwai wata tambaya da ke bin ɗan Zamfara duk inda ya sa ƙafa, ko a ɗakin kwana na jami'a, ko a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, ko a ofis idan ya kama aikin gwamnati. Da zarar an ji daga Gusau yake, sai wani ya gyara zama ya ce, "Ashe ba ku ne kuka fara shari'a ba? To, in addininku na zaman lafiya ne, me ya sa jiharku ta koma haka?" In mai tambayar ya ɗan taɓa karatu, sai ya ƙara da aya ta 5 ta Suratut Tauba, wadda ake kira ayar takobi, ya ce ai ga tushen abin nan a cikin Littafinku.

Na daɗe ina sauraron yadda muke amsa wannan tambaya, a makaranta da kuma a majalisun samari na unguwarmu ta Tudun Wada, kuma amsoshin ba su gamsar da ni ba. Wasunmu sukan hasala nan take. Wasu su ce, "Musulunci addinin zaman lafiya ne," su ja baki su yi shiru kamar sun biya bashi. Waɗanda kuwa suka sha kallon muƙabalar Ahmad Deedat da Jimmy Swaggart ta 1986 sai su yi wuf su buɗe Littafin Joshuwa, su nuna wa abokin gardama cewa nasa littafin ma cike yake da yaƙi. Wannan yakan sa a yi tafi, amma laifi tudu ne, kuma nuna wa mutum nasa bai share tambayar da ya yi maka ba. Ra'ayina shi ne, tambayar ta cancanci amsa ta ilmi, ko da mai yin ta da mugun nufi ya yi ta, domin ko shi bai yi ta ba, ƙannenmu na gida za su yi ta wata rana.

Bari mu fara da ayar. Ta sauka ne a shekara ta 9 bayan Hijira, a kan mushrikan Larabawa waɗanda aka ƙulla alkawari da su suka warware. Ayar da ke gabanta, watau ta 4, ta ware waɗanda ba su tauye alkawarinsu ba, ta yi umarni a cika musu har wa'adinsu. Wadda ke bayanta, ta 6, ta yi umarni da cewa in ɗaya daga cikin mushrikan nan ya nemi mafaka a ba shi, ya ji maganar Allah, sa'an nan a kai shi inda zai aminta, ko da bai musulunta ba. Aya ta 13 kuma ta faɗi laifinsu a fili, cewa su suka karya rantsuwa, su suka fara. Mai suka yakan yanke ta 5 ita kaɗai ya ɗaga ta sama. Abin mamaki, haka ɗan Boko Haram yake yi. Mutum biyu ne da ba sa ga maciji da juna, amma karatunsu ɗaya ne, kowa ya tsaya a tsakiyar shafi.

Sai dai fa mu ma kada mu tsaya a tsakiyar namu shafin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai ayoyin yaƙi a cikin Alƙur'ani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jagoranci runduna. Akwai malaman tafsiri na farko da suka ce ayar takobi ta shafe hukuncin ayoyin sassauci masu yawa. Akwai kuma manya irin su Ɗabari da suka ƙi yarda da haka a kan aya ta 61 ta Suratul Anfal, mai umarni da karkata ga sulhu in abokin gaba ya karkata, da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, mai halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Suyuɗi, wanda har wasiƙa ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas, ya taƙaita ayoyin da aka shafe hukuncinsu zuwa wajen 20 kacal a duk Alƙur'ani. Littattafan fiƙihu da aka rubuta a zamanin dauloli, lokacin da yaƙi shi ne asalin zama tsakanin ƙasa da ƙasa in babu yarjejeniya, sun yi maganar musulunta ko jiziya ko yaƙi. Ɗalibin da ya musa wannan a gaban wanda ya karanta, ya kunyata kansa, ya kuma sa ana shakkar sauran maganarsa.

Abin da ya kamata ya faɗa shi ne, waɗannan littattafai ɗin dai su ne suka ɗaure yaƙi da igiyoyi. Babin jihadi na Risala, wadda ake karantawa a zaurukan Gusau tun kakanninmu, ya hana kashe mata da yara, ya ce a nisanci kashe malaman Kirista da na Yahudu sai in sun yi yaƙi, ya kuma tabbatar da cewa amanar da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bai wa abokin gaba ta hau kan kowa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga jagoran rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mace da yaro da tsoho, da sare itace mai 'ya'ya, da rushe gari, da yanka dabba in ba don ci ba. Yaƙi kuma a wajen malamai al'amarin shugaba ne, ba na duk wanda ya sayi bindiga ba. Mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya auna abin da ake yi a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, inda ake ƙone rumbuna, ana sa wa manoma haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Wane babi ne na wane littafi?

Wasu suna ganin amsa suka da hujja baƙon abu ne da boko ya kawo, wai mutanen da ba su san irin wannan lallashi ba. Tarihin ƙasarmu ya ƙaryata su, kuma ba sai mun yi nisa ba. 'Yandoto, kusa da Tsafe, gari ne na malamai tun kafin jihadi, kuma da yawa daga malamansa ba su goyi bayan Shehu Usmanu ba. Da Muhammadu Bello ya iso wajen garin a wajajen 1806, bisa ga abin da shi kansa ya rubuta a Infaƙul Maisuri, sai da ya fara aika musu su fito a yi muƙabala, in gaskiya tana wajensu jama'ar Shehu su tuba, in tana wajen Shehu su su tuba. Suka ƙi, aka ci garin da yaƙi. Labarin daga bakin wanda ya ci nasara muka same shi, kuma na so a ce an sami na mutanen 'Yandoto a rubuce. Duk da haka ya nuna cewa ko mai runduna a bayansa yana ganin sai ya nemi hujja tukuna.

Abin da ya fi wannan shi ne wasiƙun da suka gudana tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno. Elkanemi ya soki jihadin da kakkausan harshe. Ya ce mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, to da wace hujja ake yaƙarsu ana bautar da 'ya'yansu? Ya ce yanka a wuraren tsafi, da fitar mata ba lulluɓi, da cin hanci, duk zunubai ne, amma akwai irinsu a Masar da Sham, kuma zunubi ba ya mai da Musulmi kafiri. Har ya zarge su da wulaƙanta littattafai. Bello ya ba da amsa, ya ce Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi, kuma irin wannan yanka shirka ce. Ko wa ya fi hujja, wannan gardama ce da masana tarihi ba su gama ba har yau. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, Bello ya kwafe wasiƙun mai sukarsa ya sa a cikin littafinsa, ya bar wa na baya su karanta su yi hukunci. Da ya ga dama da ya ƙone su. Mu jikokinsa kuwa, tambaya ɗaya a ɗakin kwana takan sa mu nemi sanda.

Mun kuwa ga inda sandar take kaiwa. A watan Agusta na 2016 aka zargi wani ɗalibi na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara da ɓatanci ga Annabi. Aka yi masa duka har aka zaci ya mutu. Wani mutumin garin ya ɗauke shi a mota ya kai shi asibiti, sai taron ya koma gidan wannan mutum ya cinna masa wuta, mutum 8 suka mutu, waɗanda babu wanda ya ce sun zagi kowa. A Mayun 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato. Ba na ɗaukar ɓatanci da wasa, zagi daban, tambaya daban, kuma zagin Annabi yana ƙona zuciyar kowane Musulmi. Amma a jihar da ta ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, mai alƙalai da kotuna, wace hujja taron ɗalibai ke da ita ta zama mai ƙara, ta zama shaida, ta zama alƙali, ta zama hauni a cikin sa'a guda? Mai suka bai taɓa samun hujjar da ta kai wadda waɗannan ranaku biyu suka ba shi kyauta ba.

A kwatanta da abin da ya faru bayan jawabin Fafaroma Benedict a Regensburg ta Jamus a Satumban 2006, inda ya kawo maganar wani tsohon sarkin Rumawa mai danganta Musulunci da takobi. An yi zanga-zanga a ƙasashe da yawa, ta wuce. Abin da ya saura shi ne wasiƙar da malamai 38 suka rubuta masa bayan wata guda suna warware maganar daki-daki, da wadda malamai 138 suka sa wa hannu a 2007, wadda ta kai ga zama tsakanin ɓangarorin biyu a fadar Fafaroman a 2008.

Yanzu sai rabin tambayar da ya fi ciwo, watau me ya sa Zamfara ta koma haka. Amsa ta gaskiya ita ce, rikicinmu bai taso daga aya ba. Ya taso daga gonaki da burtali da aka cinye, da satar shanu, da alƙalai da 'yan sanda da masu sarauta da suka ci amanar talaka, da 'yan sa-kai masu kisa ba shari'a, da ramuwar gayya, sa'an nan kuɗin fansa ya mai da abin sana'a. Mai harbi da wanda aka harba duk suna amsa sunan Musulmi. Amma wannan amsa ba ta wanke mu ba, ƙara ɗaure mu ta yi. A Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Jangebe saboda saniya. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar garin Jangebe. A Satumban 2023 aka shiga gidajen ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, aka tafi da sama da 20, galibinsu mata. A Yulin 2022 kuwa masarautar 'Yandoton Daji, mai ɗauke da sunan garin malaman nan, ta naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani, har sai da gwamnati ta dakatar da sarkin. In baƙo ya dubi wannan jeri ya tambaya ina shari'ar take, ban ga dalilin jin haushinsa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A nan ne ma ayoyin yaƙi da sulhu suke da aiki na gaske, kuma a nan ne muka fi yin shiru. Gwamna Bello Matawalle ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2019. Shaihu Ahmad Gumi ya shiga dazukan Zamfara a 2021 yana kira ga afuwa. Gwamna Dauda Lawal da ya hau a 2023 ya ce ba zai yi sulhu ba. Kowane ɓangare yana da ayarsa. Masu sulhu suna riƙe da ta Anfal, da kuma aya ta 9 ta Suratul Hujurat mai umarni da sasanta ƙungiyoyi biyu na muminai in sun yi faɗa. Masu ƙi suna riƙe da aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, mai tsananin hukunci a kan 'yan fashi masu ɓarna a ƙasa. Su ma duk a tsakiyar shafi suka tsaya. Ayar Hujurat ta ci gaba da umarnin a yaƙi ɓangaren da ya yi zalunci har ya dawo, sa'an nan a sasanta da adalci. Ayar Ma'ida kuma tana da ta 34 a bayanta, mai togace wanda ya tuba tun kafin a kama shi. A ganina, sulhun da mutum zai zo da bindigarsa a kafaɗa ya koma daji da ita bai cika sharaɗin ko ɗaya daga cikinsu ba, haka kuma kashe Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne.

Saboda haka ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta shirya zama a zangon karatu mai zuwa, ta gayyato malamin tafsiri ɗaya, da malamin tarihi, da malamin shari'a. A bar ƙofa a buɗe ga ɗalibai Kirista, a karɓi tambayoyi a rubuce ba tare da suna ba, don mai shakka a cikinmu ya sami bakin magana. A hana zagi, a hana tafi. A fara da karanta Suratut Tauba daga aya ta 1 zuwa ta 16 ba tsallake, a bi da wasiƙar Elkanemi ta farko da amsar Bello, sa'an nan a tambayi malaman, a gaban kowa, hukuncin manomin Tsafe da ya biya 'yan bindiga haraji don ya girbe dawarsa.