Kafin ku yi wa gola dariya

Duk sadda maganar ƙwallon mata ta taso a fada, sai wani ya ajiye kofin shayi ya tuno mana da ci 15. Watan Mayun 2019, a Abijan, gasar ƙasashen yammacin Afirka: Najeriya 15, Nijar 0. Sai a bushe da dariya, a ce: "Wai golar nan kwana take yi ne?" Ni ma na taɓa yin wannan dariya. Yau kunyarta nake ji.

Mu duba wadda ke tsare wa Najeriya raga yanzu, Chiamaka Nnadozie. An haife ta a 2000, ta fara suna a Rivers Angels. A 2019, tana da shekara 18, ta tsaya wa ƙasarta a gasar cin kofin duniya a Faransa, Koriya ta Kudu ta kasa jefa mata ko ɗaya. A 2020 ta tafi Paris FC. A gasar duniya ta 2023 ta tare fenaritin Christine Sinclair ta Kanada, matar da ta fi kowa, mace ko namiji, ci wa ƙasarta ƙwallaye. A 2025 ta ɗauki kofin Faransa da Paris FC, ta koma Brighton a Ingila, ta kuma ɗaga kofin Afirka a Rabat bayan sun doke Maroko 3 da 2. Ita da bakinta ta faɗa cewa mahaifinta bai so ta yi ƙwallo ba da farko.

Ba aljanu ne suka ba ta hannu ba. Gola ba a yin ta dare ɗaya. Sai an shekara ana koya mata faɗuwa ba tare da ta karye ba, da lokacin fita daga raga, da yadda za ta yi wa ƴan bayanta tsawa. Sai tana wasa kowane mako. Nnadozie ta samu kulob, ta samu gasa, ta samu mai horarwa. Mu me muka ba tamu kafin mu tura ta Abijan?

A unguwarmu a Badagishiri akwai wata yarinya, ɗiyar maƙwabtanmu. Dutse biyu muke ajiyewa a matsayin raga, ita ke tsayawa tsakani, ba takalmi, ba safar hannu. Wallahi faɗa muke yi kan wa za ta tsare wa. Tana kai shekara 13 aka ce ta girma, kada a sake ganin ta cikin maza. Babu ƙungiyar ƴan mata da za ta koma. Shekara biyu bayan haka aka cire ta daga lakkwal aka yi mata aure. Ni da na ci gaba har jami'a, ban buɗe baki na ce komai ba. Ban ce da yanzu tana Ingila ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne ba wanda ya tambaye ta abin da take so.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati ta kare yarinya mai karatu. Ku je Illela, Malbaza ko Ƙwanni ku ƙirga ƴan matan da suka shiga CEG da waɗanda suka fito. A shekarun da ake gina gola, a nan muke kwashe su.

Za a ce mini tufafi da addini. To, tun 2014 dokar ƙwallo ta yarda da rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta. Gola ma dogon wando da riga mai dogon hannu take sawa. In cakuɗuwa ce damuwar, a ware musu fili da lokaci da malama mace.

Za a ce muna fama da tsaro da tsadar hatsi, ni ina maganar balo. Amma samari ba su daina gasar hutu ba saboda tsadar hatsi, kuma masu hali ba su daina sayen kofi da riguna ba. Sai an zo kan ƴan mata talauci ke tuna mu?

Ga abin da muke nema. FENIFOOT ta bayyana wa jama'a nawa ne ke zuwa ƙwallon mata cikin tallafin FIFA, da nawa ke fita daga Yamai ya iso jihar Tawa. Hukumomin komin su ware wa ƴan mata yamma ɗaya a mako a filin gari. Masu shirya gasar hutu su sa ko wasa ɗaya na mata. Mu kuma ƴan fada, mu haɗa jika-jika mu sayi balo da safar hannu, mu je da ladabi mu yi magana da iyaye.

Wanda bai yi ko ɗaya cikin waɗannan ba, in an sake ci 15, don Allah ya sha shayinsa ya yi shiru.