Noman Radish: A Nemi Mai Saye Tukuna, A Shuka Kaɗan-Kaɗan

Ɗan'uwa manomi, mai yiwuwa ka taɓa ganin ƙunshin irin radish a shagon masu sayar da iri, aka ce maka yana nuna cikin wata ɗaya. Gaskiya ne. Sai dai saurin nan ne ke jawo wa mai gaggawa hasara, don haka ra'ayinmu shi ne kada ka cika lambunka da shi a shuka ɗaya.

Radish, wanda masana tsirrai ke kira Raphanus sativus, dangin kabeji ne, amma saiwarsa ake nema kamar karas. Yawanci ɗanye ake cinsa a cikin salak, yana da ɗan yaji da sinadarin bitamin C. Akwai ƙananan iri masu saurin nuna, kamar Cherry Belle, ja mai siffar ƙwallo, da French Breakfast, ja mai ɗan tsawo da farin baki. Waɗannan kan isa cira cikin kwana 25 zuwa 30. Akwai kuma Daikon na ƙasar Japan, dogo fari, wanda kan kai wata biyu.

Ƙananan irin ba su jira. Idan suka isa cira aka bar su a ƙasa, cikin kwanaki kaɗan saiwar za ta tsage ko cikinta ya koma kamar soso, yajin ya yi yawa, ba mai saye. Ba a kuma iya ajiye su kamar albasa, sai da ɗakin sanyi. Sannan ka tuna radish bai shiga tukunyar miyarmu ba tukuna. Masu sayensa su ne otel-otel, manyan kantuna da baƙi 'yan ƙasashen waje a birane irin su Abuja, Legas da Jos. Tumatir, in ka rasa dillali, ka kai kasuwar ƙauye. Radish kuwa sai ka dawo da abinka. Saboda haka ka fara samun mai saye, ka ji irin da yake so da yawan da zai karɓa a mako. Daga nan ka riƙa shuka fangali ɗaya ko biyu kowane mako, ta yadda kaya ba za su yanke ba, ba kuma za su yi maka yawa ba.

Shuka ce mai son sanyi, ta fi kyau tsakanin digiri 10 zuwa 18. A tuddan Jos da Mambila yanayin ya dace da ita a mafi yawan shekara. A sauran wurare lokacin hunturu ne nata, daga Nuwamba zuwa Janairu. Da zarar zafi ya shigo sai ta fitar da fure, saiwar ta ƙi girma.

A zaɓi ƙasa mai laushi wadda ba ta riƙe ruwa, a zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. Ba a dasa radish, kai tsaye ake shuka shi, zurfin kamar santimita ɗaya, tazarar santimita 20 tsakanin layi da layi. Yakan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5. Bayan mako ɗaya a rage tsiron, a bar santimita 5 tsakanin kowane biyu, Daikon kuwa a bar masa 10 zuwa 15. Manoma da yawa ba su son cire tsiro mai lafiya, amma wanda ya bar cunkoso ganye kawai zai girba. Haka ma wanda ya cika takin yuriya. Ban ruwa ya zama kullum kaɗan-kaɗan, domin ƙasar da ta bushe sannan aka malala mata ruwa ita ce ke tsaga saiwa.

Ku kuma malaman gona, ku ja hankalin manoma kada su shuka radish inda aka cire kabeji, domin darɓa da tsutsar da ke cin ganyen kabeji su ne ke cin nasa. Tun da kwanakinsa kaɗan ne kuma ɗanye ake ci, feshin maganin ƙwari dab da cira haɗari ne ga mai ci. Ga mai son gwaji, ku nuna masa ya haɗa irin da na karas a layi ɗaya: radish zai fito da wuri, a cire shi kafin karas ya buƙaci wurin.

Ranar cira a yi sammako, a wanke, a ɗaure dami-dami a inuwa, a kai wa mai saye a ranar. Idan tafiyar da nisa a yanke ganyen, domin yana janye ruwan saiwar ta yanƙwane. Ganyen ba na zubarwa ba ne, ana dafa shi kamar alayyafo.