Takardar Asibiti Ba Shaidar Zina Ba Ce

Wannan magana ce zuwa ga malamai da fatake na ƙasar Rano da Kibiya, domin su ne masu gida, su ne kuma ake tambaya fatawa.

Mace takan je asibiti a auna bakin mahaifarta, a ba ta takarda cewa an sami ƙwayar cuta mai suna HPV. In miji ya ji ta wajen saduwa ake ɗaukarta, sai Shaiɗan ya raya masa ɓarna, har abin ya kai ga saki. Wannan zalunci ne, ta fuskar likitanci da ta shari'a.

Likitoci sun tabbatar kusan kowane mai aure yakan gamu da ƙwayar nan a rayuwarsa. Namiji yakan ɗauke ta ba wata alama. Takan kwanta shekaru a jiki, saboda haka tana iya fitowa daga auren fari, nasa ko nata. Awo ba ya faɗin ranar da ta shiga, balle wanda ya kawo ta. Shari'a kuwa shaidu 4 ta nema, ta yanka wa mai ƙazafi bulala 80. Ina takarda ta isa matsayin shaidu?

Kuma samun ƙwaya daban, ciwon daji daban. Cikin mutum 10 da suka ɗauka, wajen 9 jikinsu yakan kawar da ita cikin shekara 2. Wadda ta zauna, musamman iri na 16 da na 18, ita ke iya zama daji, galibi bayan shekara 15 zuwa 20. Don haka ake cewa mace ta komo a sake dubawa. Akan shafa ruwan tsami a bakin mahaifa. In wuri ya yi fari, a kashe shi da zafi ko da sanyi tun bai zama ciwo ba. Falken da ya ga ƙwaro cikin buhun wake ba ya zubar da wake, magani yake sa masa.

Sakaci kuwa yana da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da wannan daji a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. A watan Oktoba 2023 aka fara allurar rigakafi ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Kano na cikin jihohin farko.

Alhasali, abin da ya wajaba ga miji shi ne ya rufa asirin iyalinsa, ya ba ta kuɗin mota ranar komawa, ko zuwa Rano ne ko Asibitin Malam Aminu Kano. Malami kuma ya tuna wa mai tambaya cewa zato zunubi ne. Allah ya ba marasa lafiya lafiya. Haza wassalam.